Rubuta littafi da Scrivener tsakanin Mac da Windows: me ya sa babi ke ɓacewa, kuma yaya za a kiyaye?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ina rubuta ƙagaggen labari da manhajar Scrivener. A gida Mac gare ni, a wurin aiki kuma kwamfuta mai Windows. Na sa aikin a foldar da ke daidaita kanta ta intanet don in riƙa ci gaba duk inda nake. Shekaranjiya na buɗe a ofis na tarar da babi na goma sha ɗaya fayau, babu ko harafi, alhali na rubuta shi a gida. Kuma a Windows aikin yana fitowa a matsayin folda cike da tarkace, ba fayil ɗaya kamar a Mac ba. Mac da Windows ne ba sa jituwa? Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam, Malama. Sannu da wannan tashin hankali, kuma ina kyautata zaton babinki yana nan bai salwanta ba. Amma kafin kowane bayani, ga abin gaggawa: ki daina buɗe aikin kina rufewa don duba ko babin ya dawo. Scrivener tana yin kwafin ajiya duk lokacin da aka rufe aiki, kuma in ba ki taɓa saitinta ba, guda biyar na baya-bayan nan kaɗai take riƙewa. Kowace rufewa tana ture tsohon kwafi mai lafiya, ta sa mai fankon babi a gurbinsa. In kin koma gida, ki kashe wa Mac ɗin intanet tukuna, sannan ki buɗe manhajar, ki shiga saitinta, sashen Backup. Akwai maɓallin da ke buɗe foldar ajiya. Ki kwafe duk abin da ke cikinta zuwa filash kafin ki rufe komai. Shi ma aikin kansa ki yi masa kwafi daban, a gida da ofis, yadda duk binciken da za ki yi a kan kwafin za ki yi shi.

To, batun jituwa. Mac da Windows ba su da laifi a ɓatan babin nan, kuma foldar da kike gani a Windows ba lalacewa ba ce. Ita ce ainihin kamannin aikin. Abin da kike gani a Mac mai suna da .scriv a ƙarshe, folda ce ita ma, sai dai Mac na naɗe ta ta nuna miki kamar fayil ɗaya. In kin danna shi da maɓallin dama kika zaɓi Show Package Contents, tarkacen nan da kike gani a ofis za ki gani. Keith Blount, wanda ya ƙirƙiro manhajar a Ingila, ya fara fitar da ita ne don Mac a 2007, ta Windows ta biyo baya a 2011, kuma tun farko an gina ta ne a kan kada littafi ya zama ƙaton fayil ɗaya irin na Word. Kowane babi, kowace fitowa, kowane ɗan bayanin da kika rubuta game da wata tauraruwa a labarin, da nasa fayil ɗin daban. A Scrivener 3 rubutun kowane sashe yana cikin fayil mai suna content.rtf, a cikin wata 'yar folda mai dogon suna na lambobi da haruffa, a ƙarƙashin Files sannan Data. Sai kuma fayil guda mai .scrivx a ƙarshe, wanda babu labarinki a cikinsa ko kaɗan; jerin abubuwan da ke cikin littafin ne kawai, wane babi ke bin wane, mene ne sunansa, kuma a wace folda rubutunsa yake. Shi ya sa mai kwafar .scrivx kaɗai a filash yake zuwa ya tarar da sunayen babi babu rubutu. Littafi mai babi talatin da 'yan bayanansa zai iya kai ɗaruruwan fayiloli, kuma dole su yi tafiya tare.

Wannan tsari yana da amfani babba: in fayil ɗaya ya lalace, fitowa ɗaya kika rasa, ba littafi ba. Amma shi ne kuma ya sa daidaitawa ta intanet take buƙatar kula. Manhajar daidaitawa ba ta san cewa waɗannan fayiloli littafi ɗaya ba ne. Aikinta kamar na ɗan dako ne da ke kwashe kaya daga wani gida zuwa wani, ƙunshi ɗaya bayan ɗaya: in kin shiga sabon gidan kafin ya gama, takardar lissafin kayan tana iya riga kayan isowa. Abin da nake ganin ya same ki ke nan. Jerin ya iso ofis yana cewa akwai babi na goma sha ɗaya, amma fayil ɗin da rubutun yake ciki bai iso ba, sai Scrivener ta nuna miki farin shafi.

Hanya uku ce ke kai mutum nan. Ta farko, kin gama rubutu a gida kin rufe murfin kwamfutar nan take. Rufe murfi barci ne, kuma kwamfuta mai barci ba ta tura komai. Ta biyu, kin iso ofis kin kunna kwamfuta kin buɗe aikin kafin a gama sauko da sauye-sauyen jiya. Ta uku ita ce mafi muni: aikin yana buɗe a gida, kika sake buɗe shi a ofis. Scrivener tana adana rubutu da kanta duk lokacin da kika dakata na daƙiƙa biyu, saboda haka kwamfutoci biyu ke nan kowace tana rubutu a kan fayilolin da ɗayar take ganin nata ne. Akwai ɗan fayil ɗin kulle da manhajar ke ajiyewa a cikin aikin don ta gargaɗe ki cewa a buɗe yake a wani wuri, kuma in kin ga wannan gargaɗin, don Allah ki ɗauke shi da gaske. Mutane da yawa danna ci gaba kawai suke yi. Kuma a inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, sabis ɗin intanet ya zo ya tafi, hanya ta farko da ta biyu suna faruwa ko da mutum ya kiyaye, domin turawa kan yanke a tsakiya ba tare da ya lura ba.

Ga yadda za ki nemo babin. Mafi kusa shi ne Mac ɗin gida. In rubutun bai taɓa tashi daga can ba, za ki same shi a zaune lafiya, wanda shi ne dalilin da na ce ki kashe intanet kafin ki buɗe. In babu, ki ɗauko kwafin ajiyar da ke da kwanan watan ranar da kika rubuta shi, ki kwance shi daga zip, wato dunƙulallen fayil ɗin da yake ciki, a kan fuskar kwamfuta, nesa da foldar daidaitawa, ki buɗe ki duba. In kin gan shi, ki buɗe aikin biyu gefe da gefe ki jawo babin daga wannan zuwa wancan. Ki kuma duba ƙasan jerin babin a cikin manhajar ko wata sabuwar folda ta bayyana mai suna Conflicts ko Recovered Files, domin nan Scrivener 3 ke zuba rubutun da ta tarar iri biyu, ko wanda ta tarar babu shi a jeri. In duk wannan bai yi ba, ki shiga cikin foldar aikin ki nemi fayilolin da aka ƙara wa suna, irin su conflicted copy da Dropbox, ɗaya daga cikin manhajojin daidaitawa, ke rubutawa. Fayilolin .rtf ne, Word da TextEdit duk suna buɗe su, sai ki kwafe rubutun da hannu. Mataki na ƙarshe shi ne shafin ma'ajiyar, wato wurin da manhajar daidaitawa ke ajiye fayilolinki a intanet. A Dropbox, ko asusun kyauta yana riƙe tsofaffin kwafin fayil da waɗanda aka goge na tsawon kwana 30, don haka kada ki bari makonni su ja.

Yanzu kuma yadda za a hana maimaici. Ƙa'idar ɗaya ce: aikin ya kasance a buɗe a kwamfuta ɗaya kaɗai, kuma kada a miƙa shi ga ta biyu sai ta farkon ta gama turawa. In kin tashi daga rubutu, ki rufe manhajar gaba ɗaya, ki dubi alamar manhajar daidaitawa har ta nuna komai ya kammala, sannan ki rufe murfi. In kin isa ɗaya kwamfutar, ki kunna, ki tabbata akwai intanet, ki jira alamar ta daina juyawa, sannan ki buɗe. Ki lura da wani abu da ke yaudarar mutane: nan da nan bayan kunna kwamfuta alamar kan nuna kamar komai daidai yake, alhali ba ta riga ta tuntuɓi ma'ajiyar ba. Ki ba ta minti ɗaya ko biyu. In kina da yawan mantuwa, a saitin General na Mac akwai wurin da za ki ce manhajar ta rufe kanta in an bar ta babu aiki na wani lokaci; ki kunna shi.

Wace ma'ajiya? Kamfanin Literature & Latte, masu Scrivener, Dropbox suke ba da shawara, kuma ita kaɗai ce manhajarsu ta iPhone da iPad take daidaitawa da ita. Sun kuma fito fili sun ce kada a ajiye aikin da ake kan rubutawa a Google Drive. Asusun kyauta na Dropbox gigabait 2 ne, kuma tun 2019 na'ura uku kaɗai ake iya haɗawa da shi. Ga mai rubutun zube da kwamfuta biyu, wannan ya wadatar har ya yi yawa. Amma kowace ma'ajiya kika zaɓa, akwai wani saiti da ya fi sunan ma'ajiyar muhimmanci. Yanzu kusan dukkansu suna da dabarar rage cikar kwamfuta: su kwashe fayilolin da aka daɗe ba a taɓa ba su bar su a intanet, su bar miki inuwarsu kawai. A OneDrive sunanta Files On-Demand, a iCloud Optimize Mac Storage, a Dropbox kuma online-only. Ga hotuna wannan ba laifi. Ga Scrivener kuwa masifa ce, domin babin da kika yi wata uku ba ki leƙa ba shi za a fara kwashewa, ranar da kika buɗe shi babu sabis sai ki ga fari fat. Ki danna foldar aikin da maɓallin dama, ki zaɓi a riƙe ta a kan kwamfutar koyaushe. Ki yi haka a kwamfutocin biyu, domin saitin ɗaya ba ya bin ɗaya.

In kin tambaye ni abin da na fi so miki, musamman in intanet ɗinki na waya ne kina lissafin data, ba zan ce ki bar aikin a buɗe cikin foldar daidaitawa ba sam. Ki ajiye shi a cikin kwamfutar kanta. In kin gama rubutun yini, ki je File, Back Up, Back Up To, ki zaɓi a dunƙule shi a zip da kwanan wata a sunansa, ki jefa wannan zip ɗin a ma'ajiya ko a filash. A ɗaya kwamfutar ki sauko da shi, ki kwance, ki yi aiki, ki sake dunƙulewa. Fa'idar ita ce zip fayil ɗaya ne: ko ya iso duka, ko bai iso ba ki gani da idonki. Babu rabin littafi. Da wannan hanyar Google Drive ma ba ta da matsala, har imel za ki iya tura wa kanki. Wahalarta ita ce dole ki riƙa sanin wanne ne na ƙarshe. Ki riƙa kawar da tsohon kwafin da ke kan kwamfuta zuwa wata folda kafin ki kwance sabo, kada ki wayi gari kina gyara babi na biyar a kwafin ranar Talata, babi na shida a na ranar Alhamis. Kuma a Windows, ki tabbata kin kwance zip ɗin da Extract All. Windows kan bari ki leƙa cikinsa kamar folda, ki danna .scrivx daga ciki, abin ya ƙi buɗewa ko ya buɗe fanko, hankalinki ya sake tashi a banza.

In filash za ki yi amfani da shi, ki tsara shi a exFAT, wanda Mac da Windows duk suke karantawa su kuma rubuta a kai. NTFS na Windows, Mac karantawa kawai take yi; APFS na Mac kuwa Windows ba ta ganinsa ma. Kada ki yi rubutu kai tsaye a kan filash, ɗaukar kaya kawai aikinsa. Za ki riƙa ganin wasu ƙananan fayiloli irin .DS_Store ko folda mai suna __MACOSX a Windows. Sawun Mac ne, ba ƙwayar cuta ba ce. Akwai kuma Syncthing, manhajar kyauta da ke daidaita kwamfuta da kwamfuta kai tsaye, ko babu intanet muddin suna kan Wi-Fi ɗaya, amma tana buƙatar su biyun su kasance a kunne lokaci guda, don haka ba za ta yi miki amfani ba sai in kina zuwa gida da ta ofis ɗin, ko kina barin su biyun a kunne da intanet.

Wani abin da nake so ya zauna miki: daidaitawa ba ajiya ba ce. In kin goge babi bisa kuskure a gida, manhajar daidaitawa za ta goge shi a ofis cikin aminci, domin aikinta ke nan. Saboda haka kada foldar kwafin ajiya ta zama ita ce foldar da aikin yake ciki. Ki ƙara adadin kwafin daga biyar zuwa ashirin da biyar, ki kunna sa kwanan wata a suna, a kowace kwamfuta daban.

Sai bambance-bambancen gaskiya tsakanin Mac da Windows, waɗanda ba sa ɓatar da babi amma suna ɓata rai. Na farko, zubin manhajar ya zama ɗaya. Scrivener 3 ta fito a Mac a ƙarshen 2017, ta Windows ba ta fito ba sai Maris 2021, kuma a tsakanin nan mutane sun sha wahala, domin tsohuwar ta Windows, wato zubi na 1, ba ta buɗe aikin zubi na 3. In ta ofis ɗinki tsohuwa ce, ki sabunta ta. Lasisin ma daban-daban ake saya, na Mac ba ya aiki a Windows.

Na biyu, sunan fayil. Windows ba ta yarda da alamar tambaya, tauraro, ɗigo biyu na sama da ƙasa, ko alamar zancen wani a sunan fayil, kuma ba ta son suna ya ƙare da ɗigo ko sarari. Mac na ƙyale yawancinsu. In sunan littafinki tambaya ne kika sa masa alamarta a sunan aikin, zai zauna lafiya a gida ya ƙi sauka a ofis. Wannan bai shafi sunayen babi na cikin manhajar ba, can ki rubuta abin da kike so. Haka kuma Windows ta saba da iyakar haruffa 260 a tsawon adireshin fayil, kuma foldojin cikin Scrivener sun riga sun ci wani kaso, don haka kada ki binne aikin a folda cikin folda cikin folda.

Na uku ya shafe mu masu rubutu da Hausa kai tsaye. Salon harafi, wato fon, ba ya tafiya tare da aikin. Sunansa kawai ke tafiya. In kin yi rubutu da fon ɗin da Mac ke da shi Windows ba ta da shi, za a musanya miki da wani, kuma in wancan ba shi da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, sai ki ga haruffan nan sun fita daban da 'yan'uwansu, ko su zama 'yan akwatuna. Rubutun bai lalace ba, nuna shi ne ya gagara. Maganinsa ki zaɓi fon ɗaya ki sa a kwamfutocin biyu. Charis SIL da Gentium da Noto Serif duk kyauta ne kuma suna da haruffanmu masu ƙugiya cikakku. Abin da zan ja kunnenki a kai sosai shi ne tsofaffin fon ɗin Hausa na kafin tsarin haruffa na bai-ɗaya da ake kira Unicode ya yaɗu, waɗanda suke ɗora ƙ ko ɗ a kan gurbin wata alama ta daban. Sun yi mana aiki a zamaninsu, amma rubutun da aka yi da su, da zarar ya je kwamfutar da babu fon ɗin, ko ya je wurin mai ɗab'i, alamomin asali ne ke fitowa a tsakiyar kalmomi. In kina da tsofaffin babi irin haka, ki gyara su tun yanzu da nema da musanyawa. Ki kuma duba saitin gyaran alamomi na atomatik a ɓangarorin biyu, domin yakan juya alamar da ke gaban 'ya da 'yan ta koma ta buɗe zance, sai littafi ya fito da iri biyu, na gida daban na ofis daban.

Sauran ƙanana ne. Kalmomin da kika koya wa mai duba kuskuren rubutu suna zama a kwamfutar da kika koya mata. Tsarin fitar da littafi da kika ƙera, in kina so ya bi ki, ki adana shi a ƙarƙashin Project Formats, wanda ke cikin aikin, ba My Formats ba. Fayilolin bincike da kika shigar cikin aikin suna tafiya tare da shi, amma waɗanda kika yi wa mahaɗi kawai suna yankewa, domin adireshin fayil a Windows da C: yake farawa, a Mac kuma ba haka ba. In sautuka ne ko manyan PDF, gara ki ware musu aiki na biyu, littafin ya zauna ƙarami mai saurin tafiya.

In bayan duk wannan kin ga tsarin ya yi miki nauyi, babu aibi ki raba aikin: Scrivener a gida kaɗai, a ofis kuma ki rubuta sabuwar fitowa a Word ko Google Docs, da yamma ki kwafe ta ki liƙa. Akwai ma hanyar da aka tanada don haka a File, Sync, With External Folder, wadda ke fitar da kowane babi a matsayin fayil na daban a foldar da kika zaɓa, ki gyara da kowace manhaja, ta kuma karɓo gyaran in kin dawo. Sharaɗinta shi ne kada ki canza lambar da ta sa a sunan kowane fayil, kuma kada ki haɗa aikin Scrivener biyu da folda ɗaya. Kuma tunda kwamfutar ofis ba taki ba ce, ki tabbata ba ita kaɗai ke riƙe da wani sashe na littafin ba, domin ana iya karɓarta ko a goge ta ranar da ba ki shirya ba. Allah ya sa ki samu babin, ya kuma ba ki ikon kammala littafin.